Ka je ka duba mini ƙanena

Tudun Wada, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan hunturu ya kankama, da safe hazo kan rufe hanyar Samaru ruf.

Wata alfarma nake nema. Ka san yaron ƙanena mai sikila, wanda muke zaryar asibitin Shika da shi duk lokacin da sanyi ya shigo. To, yanzu haka suna nan Legas wajenku, an yi masa dashen ɓargo. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun 2011 aka fara yin sa a asibitin koyarwa na Benin. Tsakanin 'yan'uwa ciki ɗaya damar dacewa ɗaya ce cikin 4, sai Allah ya sa ɓargon yayarsa ya dace.

Shi yaron yana hannun likitoci. Iyayen ne suka hana ni barci.

Kafin dashen sai da aka ba shi magani mai ƙarfi, irin na masu ciwon daji, don a kashe tsohon ɓargon, garkuwar jikinsa kuma ta tafi tare da shi. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har ruwa ba ya haɗiyuwa. An keɓe shi a ɗaki, uwar ce kaɗai a ciki, da takunkumi a fuska, hannunta duk ya tsattsage don yawan wankewa. Sabon ɓargo kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya kama. Kullum da asuba a ɗebi jini a ƙirga fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, iyayen kuma su wuni suna jiran lamba. Uwar ta ce wa matata ko gyangyaɗi ya ɗauke ta, firgigit take tashi ta taɓa goshinsa, domin a wannan hali zazzaɓi kaɗan ma abin tsoro ne.

Abin da ya fi cin ransu shi ne da hannunsu suka sa hannu a takardar amincewa da dashen. Ciwon sikila zuwa yake yi ba da shawararsu ba. Wannan kuwa yaro ya shiga da ƙafarsa yana wasa, yanzu ga shi kwance. Ga 'yarsu da aka ɗebi ɓargonta tana tambaya ko nata ne bai yi kyau ba. Ga wasu cikin dangi da har yau ba su daina cewa "ai da kun yi gwajin jini kafin aure" ba. Wallahi wannan magana ba ta da amfani yanzu, ƙara wa miki gishiri ne kawai.

Ƙanena ya sayar da filinsa na Dakace bai ce uffan ba. Ka tambaye shi, sai ya ce "Alhamdulillahi, da sauƙi." Amma rannan cikin tsakar dare ya kira ni, muka gaisa, ya yi shiru, numfashinsa kawai nake ji. Kowa "ya mai jiki?" yake tambaya, babu mai tambayarsa ko ya ci abinci. Ni dai ban ɗauki wannan damuwa a matsayin raunin imani ba. Mutum yakan yi tawakkali kuma zuciyarsa ta gaji.

Ko an sallame su ma, da sauran aiki. Kwana 100 na farko ana sa ido sosai, don sabon ɓargon na iya juyowa ya far wa fata ko hanji ko hanta.

Don Allah ka je. Ba za a bar ka ka shiga wurin yaron ba, kuma in kana mura ka dakata tukuna. Ka fito da ƙanena waje, ku ci abinci, ku yi salla tare, in ya yi shiru ka ƙyale shi. Ka lallaɓa shi ya tambayi likitocin ko akwai mai ba iyaye shawara kan damuwa, su gan shi shi da matarsa. Daga bakinka zai fi ji, ni kunyata yake ji. Uwargidanka kuma ta riƙa kiran uwar yaron.

Ka gaishe da kowa da kowa. Ina jiran kiranka bayan ka gan shi.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya