Fatin Hamama ta shekara sittin tana fim, kuma a ƙasar Musulmi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan gidan rediyon nan, na rubuto ne a kan shirin da kuka gabatar kwanan baya game da makomar 'yan fim mata. Ɗaya daga cikin baƙinku ya ce sana'ar ta 'yan mata ce, da zarar mace ta yi aure ko shekaru sun fara nunawa a fuskarta sai ta tattara nata ya nata. Har ya ƙara da cewa ko a sauran ƙasashen Musulmi haka abin yake. Maganarsa ta farko, in Kano yake nufi, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ta biyun ce ban yarda da ita ba, kuma hujjata mace ɗaya ce, Fatin Hamama ta ƙasar Masar.

An haife ta a 1931, ta tashi a garin Mansura, mahaifinta ƙaramin ma'aikaci ne a ma'aikatar ilimi. Fim ɗinta na farko, Yaumun Sa'id, ya fito a 1940 tana 'yar shekara takwas, ta fito tare da shahararren mawaƙin nan Muhammad Abdul Wahab. Aikinta na ƙarshe kuwa wasan talabijin ne mai dogon zango, Wajhul Ƙamar, wanda aka nuna cikin azumin shekarar 2000, tana dab da cika saba'in, kuma ita ce jarumar wasan. Ku lissafa da kanku. A tsakanin nan ta yi aure, ta haihu, aure ya mutu, ta sake yin wani, ta yi jikoki, ba ta bar sana'ar ba, kuma Larabawa ba su daina kiranta uwargijiyar allon Larabawa ba har ta rasu ranar 17 ga Janairu, 2015.

Ban ga laifin baƙon naku ba don bai san ta ba. Kwarorin da suka riƙe gidajen sinima a Kano tun zamanin su Rex da Palace finafinan Indiya suka tarar sun fi karɓuwa a wajen mutanenmu, na Masar ba su yi kasuwa ba, duk da kusancin addini. Shi ya sa tsoho a Fagge zai ba ka labarin Nargis, tauraruwar finafinan Indiya, tiryan-tiryan amma bai taɓa jin sunan Fatin ba. Waɗanda suka san ta a cikinmu su ne ɗaliban da suka yi karatu a Alƙahira, da 'yan uwanmu Hausawan Sudan da suka tashi da finafinan Masar a talabijin.

Da farko ita ma irin rawar da aka saba ba 'yan mata ake ba ta: marainiya, 'yar talaka da aka zalunta, mai yawan hawaye. Kyau da sanyin murya ake saya a wajenta. Da a nan ta tsaya, da maganar baƙonku ta hau kanta, don kullum ana haihuwar wadda ta fi ki ƙuruciya. Abin da ya raba ta da sa'o'inta shi ne da ta yi ƙarfi a masana'antar sai ta fara zaɓen labari, ta kuma jingina da marubutan ƙasarta na gaske. A 1959 ta fito a Du'a'ul Karawan, wanda aka ciro daga littafin Ɗaha Husaini, a matsayin 'yar ƙauyen da kawunta ya kashe 'yar uwarta don wai ta jawo wa dangi abin kunya, shi kuwa injiniyan da ya lalata yarinyar yana yawonsa ba wanda ya ce masa kanzil.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Al-Haram na 1965, labarin Yusuf Idris, wanda Henry Barakat ya ba da umarni, har aka kai shi gasar finafinai ta Cannes a Faransa. Ta fito a matsayin Aziza, matar wani ɗan ƙodago cikin 'yan ci-ranin da ake kwasowa a mota su zo tsince tsutsa a gonakin auduga. Ciwo ya kwantar da mijin. Wata rana ya ce dankali yake marmari. Ba ko sisi a gidan, sai ta ɗauki fartanya ta shiga gonar wani tana tono ko za ta dace da saiwa ɗaya da aka bari. A nan wani namiji ya ritsa ta, ya yi mata fin ƙarfi. Ciki ya shiga, alhali duk ƙauyen an san mijinta ba ya iya komai. Ta ɗaure cikin tamau, ta bi ayarin 'yan ƙodago a madadin mijin, ta haihu ita kaɗai da dare a bakin gona. Jaririn ya tsala kuka, ta sa hannu ta toshe masa baki don kada a ji, ba ta ɗauke hannun da wuri ba. Babu waƙa a wurin, babu rawa, babu kwalliya. Mace ce cikin baƙar riga mai ƙura, da gari ya waye ta koma layi ta duƙa tana tsintar tsutsa kamar ba abin da ya faru, zazzaɓin jego yana cin ta. Tauraruwar da ta fi kowace tsada a Masar ce ta yarda a nuna ta haka, tana da shekara talatin da huɗu, lokacin da wasu ke fafutukar ɓoye shekarunsu.

Rayuwarta ba ta tafi sumul ba. Mijinta na farko mai ba da umarni ne, Izzuddin Zulfiƙar, sun yi aure a 1947 suka rabu a 1954. A 1955 ta auri Umar Sharif, wanda Kirista ne ya musulunta kafin auren, kuma tare da ita ya yi fim ɗinsa na farko. Da ya fito a fim ɗin Turawa Lawrence of Arabia a 1962 sai duniya ta ɗauke shi, ya koma zaman Turai da Amurka, auren ya yi ta jan ƙafa har ya mutu a 1974. Ita ma ta bar Masar a 1966, ta yi zaman Beirut da Turai, daga baya ta bayyana cewa matsin jami'an leƙen asirin gwamnatin Jamal Abdul Nasir ne ya kore ta. Sai a 1971, bayan rasuwar Nasir, ta dawo gida.

Ta dawo tana da shekara arba'in, wato daidai shekarun da baƙonku ya ce an gama da mace. A 1972 ta fito a Imbraɗoriyyat Mim, bazawara ma'aikaciya mai 'ya'ya shida, waɗanda suka tashi suka ce sai an yi zaɓe a gidan a ga wanda zai shugabance su. Kowa ya gane ba gidan kaɗai ake nufi ba. Abin lura a nan, uwar ce jarumar fim ɗin. Ba a ajiye ta a kan kujera a falo tana jiran ɗanta ya shigo ta ce masa ba zai auri wance ba.

Sai 1975, shekarar Uridu Hallan, wato ina neman mafita, wanda Sa'id Marzuƙ ya ba da umarni. Durriyya matar wani jami'in diflomasiyya ce, ta shekara ashirin tana haƙuri da wulaƙanci, da ɗansu ya girma ta ce ya sauwaƙe mata. Ya ce bai san zance ba. Ta kai ƙara. Daga nan fim ɗin ya koma zauren kotu da barandarta: a ɗage zama, a sake ɗagewa, takarda ta ɓata, lauya ya nemi wani abu. A barandar nan take haɗuwa da wasu matan, har da wata dattijuwa, wadda Amina Rizƙ ta fito a matsayinta, da miji ya saka bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta a gidansa, ba ta da wurin kwana, tana bin kotu a kan ɗan abin da za ta ci. A ƙarshe mijin Durriyya ya kawo shaidun zur, bayan shekaru ana jeka-ka-dawo kotu ta kori ƙararta. Haka fim ɗin ya ƙare, ba a share wa kowa hawaye ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Dokar iyali ta Masar a kan mazhabar Hanafiyya aka gina ta, inda ƙofar da mace za ta bi alƙali ya raba aurenta ƙunƙuntacciya ce. A 1920 da 1929 sai da suka aro daga mazhabarmu ta Malikiyya hukuncin raba aure saboda rashin ciyarwa da saboda cutarwa. Amma cutarwa sai an tabbatar da ita da shaidu, kuma abin da ke faruwa a ɗaki wa zai shaide shi? Ramin da Durriyya ta faɗa ke nan. Fim ɗin ya ta da ƙura sosai. A 1979 shugaban ƙasar, Anwar Sadat, ya sa hannu a gyaran dokar, wadda mutane suka laƙaba wa sunan matarsa Jihan. Kotun tsarin mulki ta soke ta a 1985 saboda hanyar da aka bi aka kafa ta, aka yi wata a shekarar. Sai a 2000 aka kafa dokar khul'i, wadda ta ba mace damar mayar da sadaki ta yafe haƙƙoƙinta na kuɗi, kotu ta gwada sulhu, in ya ƙi ta raba auren ko miji bai so ba. Hujjar da aka kafa da ita kuwa ita ce hadisin matar Sabit bin Ƙais da ta mayar masa da gonarsa, wanda ɗan Islamiyya ma ya sani a nan.

Ba na cewa fim ne kaɗai ya canja doka, masu faɗin haka sun yi zuƙu. Ƙungiyoyin mata sun daɗe suna wannan kira, kuma ministar walwalar jama'a ta lokacin, A'isha Ratib, ta sha suka a kan yunƙurin gyaran. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya ɗauko maganar daga takardun lauyoyi ya kai ta gaban mai shayi da direban tasi, da fuskar matar da suka yarda da ita tun tana yarinya. Budurwa 'yar shekara ashirin ba za ta iya ɗaukar wannan rawar ba, ko da ta fi kowa iya wasa. Sai wadda aka tsufa tare da ita.

Da sinima ta fara ja da baya sai ta koma talabijin. A 1991 ta yi Damir Abla Hikmat, rubutun Usama Anwar Ukasha, inda ta fito shugabar makarantar 'yan mata a Iskandariyya, tana fama da malamai masu karatun kuɗi a bayan fage da iyaye masu ganin dukiyarsu ta fi ƙarfin dokar makaranta. Duk wanda ya taɓa riƙe alli, kamar ni, zai ga kansa a ciki. A 1999 Jami'ar Amurka da ke Alƙahira ta ba ta digirin girmamawa.

Na san abin da wasu masu sauraro za su ce: Masar ba Kano ba ce, matar nan ba ta lulluɓi, kuma al'adarmu ta fi son matar aure ta zauna a ɗakinta. Ban kawo ta don a kwaikwayi shigarta ba, kuma macen da ta zaɓi barin fim don aurenta ba ta yi laifin komai ba. Tambayata ga masu rubuta labari ce da masu zuba kuɗi. Wadda ta zauna a sana'ar, ko ta dawo bayan aure ya mutu, me kuke ba ta? Uwar miji mai masifa, kishiya mai bin bokaye, ko hajiyar da za ta fito sau biyu ta yi faɗa ta koma. Alhali garin nan cike yake da labaran mata masu shekara arba'in da hamsin: bazawarar da ke bin kotu a kan kuɗin ciyar da 'ya'ya, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, mai ƙosan da ta yi wa 'ya'ya biyar karatu har jami'a, uwar da ke haɗa kayan ɗaki da adashi. Kowace a cikinsu ta isa a gina fim sukutum a kanta. In ba a rubuta irin waɗannan ba, dole a ga kamar 'yar fim tana ƙarewa ne da ƙuruciyarta, alhali alƙalamin ne bai kai wurin ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware shiri guda a kan Fatin Hamama. Ba za ku rasa malaman Larabci a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da suka zauna a Masar suka san ayyukanta ba, ku haɗa su da marubuciya ɗaya da alƙalin kotun shari'a ɗaya, a tattauna Uridu Hallan a kan abin da ke faruwa a kotunanmu. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa kuma, in suna saurare, su nemi izini su gwada wannan ko da sau ɗaya ne. In kun sa ranar shirin, ku sanar da wuri don mu kira waya.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
wani tsohon malamin makaranta daga Zariya