Kan sarkin da babu sarki a kansa

Assalamu alaikum Baba,

Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya ƙafar taku kuma? Nan sanyi ya fara kankama amma alhamdulillahi aiki na tafiya.

In kun buɗe ambulan ɗin nan za ku ga 'yar leda da kan sarki guda biyar a ciki, na san halinku tun kuna aiki a gidan waya ba kwa bari irin wannan ya wuce ku. Wani dattijo baƙar fata da muke aiki tare ne ya ba ni da na ba shi labarin albam ɗinku. A 2008 gidan wayar Amurka ya fitar da su, kowanne senti 42, a nan garinmu Newark ma aka yi bikin. Babu sarki babu shugaban ƙasa a jiki, fastocin tsofaffin finafinan baƙaƙe ne, akwai Hallelujah da Black and Tan duka na 1929, da na Josephine Baker wanda a Faransa ma aka yi shi a 1935, da Caldonia na 1945, mafi tsufansu kuma The Sport of the Gods na 1921.

Wallahi Baba abin da dattijon nan ya faɗa min ne ya tsaya min a rai. Lokacin a kudancin ƙasar baƙi ba ya zama kujera ɗaya da bature a silima, sai dai can saman bene ko a ware musu tsakar dare, shi ne suka ce to bari mu yi namu, irin su Oscar Micheaux da ya yi fim sama da 40 yana yawo da su gari gari, shi ma an sa shi a kan sarki a 2010, ina neman nasa. Amma yawancin finafinan nan sun ɓata, babu wanda ya adana, wasu fasta kawai ta rage.

Shi ya sa don Allah ku ce wa Sani kar ya kuskura ya zubar da kwalin kasusuwan finafinan Hausan nan nawa da ke ƙarƙashin gado, na ji wai yana cewa shara ce. A ɗaga shi sama kafin damina, kuɗin da na turo ranar Juma'a a cire a sayo akwatin ƙarfe.

A gaida Inna da su Goggo.

Ɗanku,
Auwalu