Na Haƙura da Ranar Masoya, Amma Maigidana Ya Haɗa Har da Sauran Ranakun

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya ƙoƙari? Allah Ya saka miki da alheri bisa yadda kike share wa mata hawaye a wannan fili. Na daɗe ina bibiyarki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana.

Shekararmu bakwai da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana mutumin kirki ne, tsakani da Allah bai taɓa ɗaga min hannu ba, bai kuma rage mu da komai ba. A shekaru biyun farko, duk ranar 14 ga Fabrairu sai ya shigo min da 'yar kyauta. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Ta farkon kati ne, ya rubuta layi huɗu da jan biro, har ya soke wata kalma ya sake rubuta ta a sama. Idan raina ya ɓaci nakan ɗauko shi in karanta.

A shekara ta uku ya fara zuwa ɗaukar karatu wurin wani malami, ya kuma shiga wani zauren WhatsApp na masu muhawarar siyasa. Karatun nan na yi murna da shi, har gobe ina murna, don asuba ba ta wuce shi a jam'i. Da Fabrairu ta zagayo sai ya zaunar da ni, ya ce daga yau an daina. Ya ce ranar ta wani limamin Kirista ce mai suna Balantayin, wanda aka kashe a birnin Rum a ƙarni na uku, kuma Musulmi idi biyu gare shi. Ya janyo hadisin Abu Dawud na wanda ya kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu. Daga nan ya gangara siyasa: jiya Turawa sun mulki mutane da bindiga, yau suna mulkarsu da al'ada, kamfanonin kati da furanni kuma su kwashe riba.

Wallahi Anti ban yi masa musu ba. Na gamsu, na haƙura da ranar har zuciyata.

Abin da ban sani ba, ashe ba ranar kaɗai aka soke ba. Kyauta ta ɗauke ɗif, ko ta tsinke. Sunan da yake kirana da shi tun muna neman aure ya ɓace, na koma "ke" ko "Maman wance". In na yi kwalliya na zauna jiransa, sai ya shigo idonsa a kan waya, yana mayar wa wani martani a zaurensu. Ranar da na ce masa na yi kewarsa, ya ce irin waɗannan kalamai na 'yan fim ne, tarbiyyar Yamma ce. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Bana sai na tafka kuskure. Na shiga intanet ina karance-karance a kan ranar, na ga ita kanta Cocin Katolika ta cire ta daga babbar kalandarta tun 1969, saboda ƙarancin abin da aka tabbatar na tarihin mutumin. Na ga babbar kotun Islamabad ta Pakistan ta hana bikin a bainar jama'a a 2017. A Indiya kuwa 'yan ƙungiyar Bajrang Dal, masu tsananin kishin addinin Hindu, su ke fatattakar masoya a wuraren shaƙatawa, kuma hujjarsu ita ce ta maigidana sak, wai al'adar Yamma ce. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Saudiyya. Shekara da shekaru hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna tana hana sayar da jan fure a wannan lokaci, amma tun da aka karɓe mata ikon kama mutane a 2016, shaguna suka koma sayarwa a fili.

Sai na tambaye shi, cikin ladabi a ganina: Abban yara, a Saudiyya addinin ne ya canza, ko masu mulki ne suka canza ra'ayi? Nufina ya gane cewa rabin rigimar nan ta 'yan siyasa ce, kowa na jan ta inda zai ci riba, don haka kada ya kwaso faɗan zaurensu ya shigo min da shi ɗaki. Shi kuwa ya ɗauka kare ranar nake yi. Kwana uku ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. A na huɗu ya tuna da katin nan, ya ce in ƙona shi, shaidar jahiliyyarsa ce. Na ce to. Bayan ya fita na ɗauko ashana na zauna, na ƙyasta har sau biyu tana mutuwa a hannuna, na kasa. Na cusa katin cikin takardun haihuwar yara.

Ƙawata da na faɗa wa ta ce danniya ce kawai, maza na fakewa da addini, in sayo masa kyauta ranar 14 ɗin da gangan in ga ta tsiya. Ba zan yi ba. Ita ma aƙidarta take so ta gwada a kan aurena.

Ni dai ɗan karatun da na yi, na san Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah (SAW) wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, bai ɓoye ba, kuma yana cikin Bukhari. Na san ya yi tsere da ita. Na san ya ce mu riƙa yi wa juna kyauta, za mu so juna. Aya ta 21 a Suratur Rum ma so da jinƙai ta ambata tsakanin ma'aurata. Sai dai ina tsoron in karanto masa ya ce yau kuma ni ce zan koya masa addini, a koma gidan jiya.

Anti, ta ina zan ɓullo masa ya gane ba ranar Balantayin nake nema ba, mijina nake nema? Na yi tunanin in aika wa malaminsa tambaya ba tare da suna ba, ko zai taɓo batun a wurin karatu, amma ina gudun kada ya zama tonon asirin gida. Sannan maganar katin tana hana ni barci, don na ce masa to alhali ban aikata ba. In fito in faɗa masa gaskiya in roƙe shi ya bar min, ko in daure in ƙona?

Taki, ƙanwarki mai jiran amsa.