Yaranmu masu son kwamfuta su daina raina ilimin halittu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni haifaffen Makka ne, kakannina da ƙafa suka zo Hajji ta Sudan, suka zauna. Aikina kula da na'urorin intanet a wani otal kusa da Harami. A watan Zulhajji, da an idar da Isha'i sai alhazai su rufar wa layin, kowa na kiran bidiyo zuwa Kano ko Damagaram. A da, in na'ura ɗaya ta mutu a hawa na 12, da tsakar dare ake tashi na. Yanzu na kusa da ita ne ke ƙara ƙarfi su rufe gurbinta, ni sai da safe nake ganin rahoto.

Daga jikin ɗan Adam aka aro wannan dabara. A 2001 Paul Horn, shugaban sashen bincike na kamfanin kwamfuta na IBM, ya yi kira da a gina kwamfutoci masu kula da kansu, kamar jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da gumi. Mai ɗawafi a zafin rana ai ba ya umartar jikinsa ya yi gumi.

Dabarar da aka aro daga tururuwa ce ta fi kama ni, wataƙila don muna karanta Suratun Namli tun muna makarantar allo. Tururuwa na barin wani sinadari a hanyar da ta bi wajen neman abinci, sauran kuma su bi inda ya fi yawa. Wadda ta dace da gajeriyar hanya ita ke saurin dawowa, sinadarin ya yi ta taruwa a nan, na doguwar hanya kuwa ya bi iska. Ba sarkin da ya ba da umarni, amma duka sai su koma gajeriyar. A 1992 wani mai bincike, Marco Dorigo, ya mayar da wannan dabara ta zama lissafin kwamfuta a Milan ta Italiya, daga baya aka gwada shi wajen zaɓar wa saƙonni hanya a layukan sadarwa.

Ɗana da ke sakandare ya ce mini darasin halittu ɓata lokaci ne ga mai son kwamfuta, kuma abokansa ma haka suke gani. Abin ya dame ni ƙwarai. Ran Juma'a na zuba sukari a tsakar gida, na ce, "Zo ka zauna." Muka yi kusan awa guda muna kallon tururuwa, har ya ɗauko biro yana zana hanyoyinsu.

Ina roƙon jaridarku ta riƙa kawo irin wannan bayani da Hausa, don malamai da iyaye su samu abin nuna wa yara.

Wassalam,
Mai karatunku daga Makka