Zuwa ga Isuhu, kan kwamfutar Mamman Sani

Bukoki, Yamai

Isuhu mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Liyon? Yaya uwargida da yara? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi, sai dai zafi da ya fara nuna hali tun kafin lokacinsa.

Na saurari saƙonka, na kuma ga hotunan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ka turo. Ka ce yuro 700 ka ware wa Mamman Sani, wato wajen jikka 459 ke nan a kuɗinmu, kuma kana son abin da zai yi montaj (wato yanka da haɗa bidiyo) na bukukuwa da shi, ya kuma buga ƙwallonsa ta kwamfuta in ya gaji. Kuɗin za su isa in an yi hankali. Amma waccan siririyar mai ruwan azurfa da ka ce ta shiga ranka, don Allah ka bar ta a kanti. An yi ta ne don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa wannan Tawa za ta je, inda a watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ba ta neman izinin shiga ɗaki.

Shi ya sa ni kafin komai cikin kwamfutar nake dubawa: fanka nawa ne, ina iska take fita, kuma ana iya kwance bayanta da sukurdireba ko kuwa an manne komai. Kwanan baya wani yaro mai ɗaukar bidiyo ya kawo tasa shagonmu, wai tana mutuwa da kanta da zarar ya fara fitar da aiki. Da aka buɗe, ƙura ce ta haɗu da zaren bargo ta zama wani faifai mai kauri a bakin ƙarafan da ke fitar da zafi, sai da aka sa tsinke aka ɗago shi ɗungurungum. Fankar tana juyi, iska ba ta wucewa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in ya kusanci digiri 95 zuwa 100 yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, in abin ya ci gaba sai kwamfutar ta kashe kanta. Aka share, aka sa sabon man sanyaya furosesa, ta koma aiki lafiya lau. Mai fanka biyu da jiki mai ɗan kauri ita ce ta ƙasarmu, ko da za ta yi nauyi a jaka.

A irin kuɗinka, sunayen da za ka yi ta karo da su su ne Lenovo LOQ, Acer Nitro V, HP Victus da ASUS TUF. Kada ka ɓata lokaci kan wanne kamfani ya fi. Duk ƴan aji ɗaya ne, kowanne da inda ya rage kaya don farashi ya sauko. Abin da ke cikinsu shi ne magana.

Katin hoto, wato sashen da ke zana duk abin da ake gani a allo, shi ne inda kuɗin suke tafiya. GTX 1650 tun 2019 yake, ya yi zamaninsa, kada a sayar maka da shi a matsayin sabo. RTX 2050 ƙwaƙwalwarsa giga 4 ce, yana aiki amma ba ya da wurin numfashi. RTX 3050 iri biyu ne, akwai mai giga 4 akwai mai giga 6, kuma masu talla ba kullum suke rubuta wanne ba ne, sai ka tona. In Allah ya sa ka dace da ragin farashi ka sami RTX 4050, wanda ya fito a 2023 da giga 6, to ka kama shi kada ka waiwaya. In bai samu ba, 3050 mai giga 6 ya wadatar. Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: kati ɗaya, suna ɗaya, amma wutar da kamfani ya ba shi ta bambanta. Shi 4050 ɗin ana iya ba shi daga wat 35 har 115, gwargwadon yadda kwamfutar take iya fitar da zafi. Kamar dawaki biyu ne ƴan uwa ɗaya, ɗaya yana cin dawa ɗaya yana cin kara. Ka nemi adadin wat ɗin a takardar bayanin kayan. In an ɓoye shi, galibi ba abin alfahari ba ne.

Kada ka ce ai wasa ne kawai yake buƙatar wannan katin. Wasannin da yaron yake yi, eFootball da EA Sports FC da GTA V, ba su da wata wahala, ko 3050 zai ɗauke su a 1080p, wato hoto garau. Montaj ɗin ne ya fi cin gajiyarsa. A cikin waɗannan katunan na kamfanin Nvidia akwai wani sashe da ake kira NVENC wanda aikinsa kawai dunƙule bidiyo, shi ke sa a fitar da fim ɗin biki cikin ɗan lokaci maimakon a zauna ana kallon layi yana rarrafe, ga dangin amarya suna kira a waya. In kuma ya bar manhajar montaj ta CapCut ya koma DaVinci Resolve, wanda akwai na kyauta kuma ni shi nake ba shi shawara, to wannan manhajar a kan katin hoto take jingina, gyaran launi musamman.

RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, giga 16, ba ciniki. Da yawa daga cikin masu araha da giga 8 suke zuwa. In farashin ya yi daɗi ba laifi, muddin akwai gurbi na biyu da za a ƙara, kuma ka sayi ƙarin tun can ka sa a ciki. Sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya na 16 gudu. Furosesa kuwa Core i5 ko Ryzen 5 mai harafin H ko HS a ƙarshen lambarsa ya isa. Kada i7 ya ruɗe ka har ka rage katin hoto dominsa.

Ma'ajiyar fayiloli, wato SSD, mai giga 512 za ta cika da wuri, wasa ɗaya ma yana iya cinye giga 100. Ka tabbatar akwai wurin sa na biyu, sauran a bari har yaron ya fara samun kuɗin aikinsa.

Allo kuwa, nan ne suke yanka mu ba wuƙa. Za su rubuta 144Hz, wato saurin motsin hoto a allo, da manyan baƙaƙe, launin kuma a ƙasa da ƙananan haruffa: 45% NTSC. Wannan allo ne mai launi a kwance. Mai montaj zai ga leshin amarya kamar ya koɗe, ya ƙara masa launi, in aka kalla a waya sai a ga ja ya koma kamar wuta, fuskoki sun yi lemu. Matan biki suna yafe sauti marar kyau, amma ba sa yafe wanda ya ɓata musu anko. In ka sami mai 100% sRGB, wato mai cikakken launi, a cikin kuɗinka, ya fi mini 144Hz sau goma. In bai samu ba, a koya wa Mamman Sani ya riƙa tura ɗan guntun aikin a wayarsa ya duba kafin ya fitar da duka.

Ka san halin wutarmu, ba sai na faɗa ba. Waɗannan kwamfutocin ba su da juriyar batir, kuma da an cire su daga wuta suna rage ƙarfi. Cajarsu tana jan wat 135 zuwa 170 ko fiye, ta ofis kuwa 45 zuwa 65 ce, don haka in da hasken rana yake aiki a gida sai a yi lissafi. Ka rage wani abu a cikin yuro 700 ɗin don a saya masa regilata, mai daidaita ƙarfin wuta, a nan. Bakin cajar Faransa yana shiga soket ɗinmu, kilabiyen AZERTY kuma shi ya saba da shi tun lakwal, wannan ribar sayowa daga wajenku ce.

In ka ga sabuwa ta gagara ka karkata ga ta hannu, ka tuna Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar furosesan Intel da ya gaza ƙarni na 8 a hukumance. Ni dai da tsohuwar kwamfutar wasa da ba a san irin gashin da ta sha ba, gara sabuwa mai ƙaramin kati.

Kafin ka ba wa mai tahowa, ka kunna ta a gidanka ka yi mako kana gwada ta, don in da matsala a musanya tun tana kusa da kantin; garanti ba ya tsallako hamada. Ka sauke mata Windows da direbobi (manhajojin da ke tafiyar da kayan cikinta) da wasannin da Resolve gaba ɗaya da intanet ɗinku, domin in aka bar wa yaron wannan aikin kuɗin data kaɗai sai ya sa shi kuka. Ka haɗo da ɗan abin karanta katin kamara, yawancinsu ba su da ramin SD. A riƙo ta a jakar hannu, da rasit a ciki saboda ƴan duwan.

In ta iso Yamai a kawo mini shago in duba ta, sai in ba wani amintacce mai bin motar Konni ya miƙa ta Tawa hannu da hannu. Ka turo mini hoton takardar bayanin guda biyu ko uku da ka tsayar kafin ka biya.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran hoton jaririn.

Naka,
Abdu