Zuwa ga masu zuwa ganin likita karon farko a asibitinmu

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa taku ce, ku da aka ba ranar ganin likita a wurinmu, da iyaye da ma'aurata da 'yan uwan da za su rako ku. Tambayoyin da ake yi mana a waya kusan iri ɗaya ne, shi ya sa muka ga gara a rubuta su, kowa ya karanta a tsanake kafin ya zo.

Asibitinmu ƙarami ne, na kuɗi, a nan Kano, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗai muke dubawa: ciwon damuwa, fargaba, rashin barci, taɓin hankali, shaye-shaye, da ruɗewar da kan sami wasu mata bayan haihuwa. Ba mu da gado, ba ma kwantarwa. Idan mutum ya yi yunƙurin halaka kansa, ko ya sha ƙwaya fiye da kima, ko ya birkice har ana tsoron ya ji wa wani rauni, kada a tsaya jiran ranar da muka bayar. A wuce da shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau, a sanar da mu daga baya.

Ganin farko yakan ci kusan awa guda, kuma yawancinsa hira ce. Likita zai tambayi barcinku, cin abinci, zaman aure, abin da ake sha ko ake busawa, da ko akwai mai irin wannan lalura a dangi. Ku zuba duk maganin da kuke sha a leda ku taho da shi, na kemis da na gargajiya, har da kwalin da ya ƙare. Za a iya tura ku gwajin jini, domin wani lokaci kasala da rashin kuzarin daga jiki suke, kamar ƙarancin jini ko ciwon sukari.

Yanzu ga maganar da ta fi jawo mana ɓacin ran masu rakiya. A al'adarmu mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, kuma muna son hakan, don sau da yawa uwa ko mata ce ta san daren da barci ya fara ƙaurace masa. Za mu saurare ku. Amma akwai lokacin da likita zai ce kowa ya ɗan ba su wuri. Kada ku ɗauke shi raini. Saurayi ba zai faɗi abin da yake sha a gaban mahaifinsa ba, amarya kuma ba za ta buɗe cikinta uwar miji na zaune a gefe ba. Abin da majinyaci ya faɗa a wannan zaman sirrinsa ne. Ba ma gaya wa shugabansa na wurin aiki, ba ma gaya wa surukai, masu binciken aure ma kada su wahalar da kansu, ko cewa mun san mutum ba za su ji daga bakinmu ba. Abu biyu ne ke sa mu yi magana: ran majinyacin ko na wani yana cikin haɗari, ko kotu ta ba da umarni. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin sirri da haƙƙin a nemi yardarsa kafin a yi masa magani. Saboda haka ba ma rubuta wa wanda ba mu gani ba magani, balle wanda za a zuba masa a kunu ba da saninsa ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, sai da mahaifi ko mariƙi.

Maganin ƙwaƙwalwa yana son haƙuri. Na ciwon damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, alhali bushewar baki ko yawan barci tun kwanakin farko suke bayyana, a nan ne mutane da yawa ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Ku kira mu tukuna. Idan wuya ya sandare ko harshe ya yi nauyi, a ranar za a nemi likita. Haka wanda ya ji garau kada ya yanke magani da kansa, a hankali ake janye shi, in ba haka ba ciwon ya dawo sabo. Mai shan maganin da ake kira lithium dole ya riƙa gwajin jini a kan kari. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ko mai shayarwa, ta faɗa tun kafin a ɗauki biro, don akwai magunguna irin su sodium valproate da ke cutar da ɗan tayi. Kafin watan azumi ku zo a duba ko za a iya mayar da sha zuwa sahur da buɗa-baki.

Ana yawan tambayarmu game da ruƙiyya da addu'a. Ba mu hana kowa ba, mu ma muna roƙa muku sauƙi. Roƙonmu kawai kada a ce a ajiye maganin asibiti sai an gama, kuma duk jiƙo ko garin da aka ba ku, ku nuna wa likita. Duka da ɗaure mara lafiya da mari kuwa, ba ma goyon bayansu ko da sunan wane magani aka yi.

Diazepam da danginsa masu sa jaraba ba ma sabunta takardarsu ta waya ko ta WhatsApp, sai likita ya ga mutum ido da ido. Wanda kuma ya zo saboda tramadol ko kodin, magani ya zo nema, mu ba hukumar NDLEA ba ce.

Kuɗin kati da na ganin likita suna manne a teburin karɓar baƙi, ana biya kafin a shiga, da tsaba ko tiransifa ko POS. Idan uzuri ya taso, ku sanar da mu kwana guda kafin ranar, a ba wani gurbin. Wanda ya makara fiye da minti 20 sai dai a sake masa rana, don ba za mu gutsure lokacin na bayansa ba. Macen da ta fi son a sami ma'aikaciyar jinya a ɗakin yayin ganin likita, ta faɗa lokacin yankar kati, za a shirya mata.

Allah ya ba ku lafiya.

Likitoci da ma'aikatan asibiti