Maganar ƙumbar teku, ai a Jakara ma muna da irinta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na ji shirinku na kimiyya na ranar Asabar kan gurɓatar teku, wani da ya bugo waya har yana cewa mu Kanawa ina ruwanmu da teku. Wallahi da farko ni ma dariya na yi, amma da na dawo gida ta gefen Jakara na ga yadda leda ta cika ruwan sai dariyar ta tsaya.

Ita wannan ƙumbar teku da kuka yi magana a kanta, mai ɓawo biyu da ke manne jikin duwatsu, aikinta kenan tace ruwa dare da rana tana neman abinci, duk abin da ruwan ya ɗauko cikinta yake zuwa. Shi ya sa Amurka tun 1986 take amfani da ita wajen auna dattin gaɓar tekunta. To leda da roba ba sa ruɓewa, farfashewa suke yi har su koma ƙasa da milimita 5, wasu ido ma ba ya gani, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne guba irin su dalma da kadmiyom suna maƙalewa a jikin ɓurɓushin nan, ƙumba ta haɗiye su tare, ka ga robar ta zama ɗan dako kenan, ta kai gubar har cikin hanji. Wasu gwaje-gwajen sun nuna in robar da gubar suka haɗu illar ta fi ta ɗaya shi kaɗai. Har zaren da ƙumbar take kama dutse da shi an ga roba na rage masa ƙarfi. Kuma fa mai cin ƙumba gaba ɗaya yake cinye ta, ba kamar kifi ba da ake cire kayan ciki.

Yanzu Malam Edita ka duba garinmu. Ledar fiya wata a kowace kwata. Ga dattin ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, inda ake jeme fata da sinadarin kuromiyom, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya haɗe da Jakara har dam ɗin Wasai. Da wannan ruwan ake ban ruwan latas da alayyahu, a can kuma ake kama kifin da muke siya muna murna wai ɗanye ne. Ruwanmu ma ba teku yake zuwa ba balle mu ce ya tafi da shi, Haɗeja ya nufa, wajen 'yan uwanmu.

Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba. A Minamata ta Japan ma a 1956 ta hanyar kifi da ƙumba gubar makuri ta shiga mutane.

Roƙona don Allah ku tura ɗan rahotonku Wasai ya ga ruwan da idonsa, sannan ku gayyato malaman kimiyya daga BUK su faɗa mana da Hausa abin da ke cikin tarwaɗar can. Ni dai maiɗakina ta ce ba za ta ƙara siya ba sai ta ji daga bakinku, yara kuwa sai ƙorafi suke.

Naku,
mai sauraronku daga Fagge, Kano